Ɗana ya rasu da sikila, ƙanwata na shirin irin aurena: a ina ƙaddara ta tsaya?

Uwar Uku, Funtuwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a zauren nan ban taɓa sa baki ba. Yau dai ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. Ina roƙon duk wanda zai amsa mini ya daure ya karanta har ƙarshe.

An yi mini aure a 2012 da ɗan baffana. Ba a yi mana gwajin jini ba, babu ma wanda ya kawo zancen, ni kaina a lokacin ban san wani abu wai shi AS ba. A watan Agustan 2013 na haifi ɗan fari, namiji. Yana da wata bakwai hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura suntum, ya kwana yana tsala kuka, ko zani ya taɓa shi sai ya ƙara. Surukata ta ce sanyi ne. Wata maƙwabciya ta ce iska ce, wai na fita da shi da magariba. An yi hayaƙi, an sha rubutu, an yi tofi. Sai da ya kusa shekara biyu, idanunsa suka koma ruwan ɗorawa kamar mai shawara, sannan wani likita ya ce a gwada jininsa. Aka ce SS ne, wato sikila. Aka gwada ni da mahaifinsa, dukkanmu AS, wato muna ɗauke da sikilar a jini amma ba mu da ciwon.

Shekara bakwai da wata biyar ya yi a duniya. In hunturu ya kama, gabana faɗuwa yake yi tun daga iskar farko. Rigar sanyi biyu, safa, hula, wanka da ruwan ɗumi sai rana ta ɗaga, gorar ruwa a jakar makaranta, folik asid da Paludrine kowace safiya. Duk da haka sai ciwon ya tashi. Yakan ce, "Umma, ana sara mini ƙashi." In ya samu sauƙi kuwa, ba abin da yake so kamar ya zauna a ƙofar gida yana ƙirga tirelolin da ke wucewa hanyar Zariya, ya shigo da gudu ya gaya mini nawa ya gani. A Islamiyya ya wuce Sabbi, yana hanyar Amma.

A Janairun 2021 zazzaɓi ya kama shi, kwana biyu ya koma ƙirji, numfashi sama-sama. A asibiti aka ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, a nemo ledar jini. Mahaifinsa ya miƙa hannu, aka ce an fi son na mai AA, wanda ba ya ɗauke da sikila ko kaɗan. Ƙarfe biyun dare wani ɗan acaba maƙwabcinmu ya zo ya bayar, Allah Ya saka masa da Aljanna. An fara ƙara masa, ledar ba ta kai rabi ba, ana kiran assalatu ya cika.

Kun san al'adarmu da ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, "kai" nake cewa, ko "yaron nan". Ba na rungumarsa a gaban surukai. A zaman makoki duk wanda ya shigo ya ce "ya haƙuri", in ce "da godiya". Rana ta biyu kuka ya ƙwace mini, sai wata gwaggona ta dafa ni ta ce, "Ke, kina so ki ja da ikon Allah ne? A kan ɗan fari kuma?" Na haɗiye. Har yau haɗiye nake da shi. Ina da 'yan mata biyu bayansa, ɗaya AA ɗaya AS, amma in aka tambaye ni 'ya'ya nawa, uku nake cewa.

Ba zan ɓoye muku ba, kalmar ƙaddara ce ta riƙe ni ban zauce ba. Duk daren da zuciya ta ce mini "da kun yi gwaji", sai in ce kwanansa ne ya ƙare, Mai shi Ya karɓi abinSa. Da haka nake samun barci.

To yanzu ga abin da ya taso. Autarmu tana da shekara 21, an kawo kuɗin gaisuwa, an sa rana bayan Babbar Sallah, ana ta haɗa lefe. Ni na matsa sai an yi gwaji, ni na biya. Ita AS, shi AS. Na je na durƙusa gaban Baba na roƙe shi a dakata. Ya ce mini, "Ke kin fi Allah sanin gobe ne? Yaron da kika rasa, ko da AA ne, ranar nan da lokacin nan zai tafi. Ke ma ba ga biyu nan lafiyayyu Allah Ya ba ki ba?" Ita kuma yarinyar tana son yaron nan kamar ranta, ta ce na zama mai raba.

Ga inda na maƙale. In ni ce da gaskiya, cewa ana iya kauce wa ciwon nan, to ashe wahalar da ɗana ya sha ta shekara bakwai ma da an iya kauce mata, ashe sakacinmu ne ke nan, kuma abin da nake lallashin kaina da shi duk dare ya rushe. In kuwa Baba ne da gaskiya, sai in ja bakina in tafi sayen kayan ɗaki. Na kasa riƙe biyun a zuciya ɗaya. Don Allah masu ilimi, da waɗanda abin ya taɓa shafa, ku gaya mini: a ina ƙaddara ta tsaya, a ina laifin bawa ya fara?

Ɗan Kwari

Allah Ya jiƙan yaro, Ya sa mai ceto ne. Hajiya, ni ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne, amma gaskiya ɗaya ce. Mun mayar da ƙaddara bargon rufe sakaci. Direba ya ɗauko mota ba birki ya zubar da mutane, a ce kwana ne ya ƙare. Mu nan Kano tun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure, har da na jinotaif, wato gwajin da ke nuna mutum AA ne, AS ko SS. A raba auren nan kawai tun ba a kai ga da-na-sani ba. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Malamin Islamiyya, Zariya

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya riƙo hannunku ya shigar da ku Aljanna. Malam Ɗan Kwari, baiwar Allah nan tambaya biyu ta yi, ka amsa ɗaya, ɗayar kuma ka taka mata gyambo. Direban da ya san ba birki daban, yarinyar da aka aurar ba ta taɓa jin sunan cutar ba daban.

'Yar'uwa, abin da kika ce kin kasa riƙewa a zuciya ɗaya, Manzon Allah (SAW) ya haɗa shi a hadisi ɗaya, yana cikin Sahihu Muslim. Ya ce ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gajiya. Sannan ya ce in wani abu ya same ka, kada ka ce "da na yi kaza da kaza ne ya faru", ka ce Allah ne Ya ƙaddara, abin da Ya so shi Ya aikata, domin "da" tana buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Ki duba jerin maganar. Kashin farko na abin da ke gabanki ne, kashi na biyu na abin da ya riga ya wuce. Ɗanki yana kashi na biyu. Ƙanwarki har yanzu tana na farko. Abin da Baba ya yi, da girmamawa nake faɗa, shi ne ɗauko maganar da aka ba mu don mu jure jiya, ya shimfiɗa ta a kan gobe. Ke kuma kina neman ɗauko nauyin gobe ki ɗora wa jiyanki. A 2012 ba ki sani ba, kuma Allah ba Ya kama bawa da abin da bai sani ba.

Ki samu wanda Baba yake jin nauyinsa ya karanta masa labarin Sayyidina Umar, yana cikin Muwaɗɗa da Buhari. Ya kama hanyar Sham, ya kai wani wuri da ake kira Sarg, aka tare shi da labarin annoba ta ɓarke. Ya yi shawara, ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida ɗan Jarrah ya ce, "Gudun ƙaddarar Allah za a yi?" Umar ya ce, "Na'am, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah." Ya buga masa misali da mai raƙuma da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya fako: duk inda ya kora su, da ƙaddarar Allah ya kora. Abin da yake ratsa ni a labarin nan shi ne, Abu Ubaida ya zauna tare da rundunarsa, kuma annobar nan, wadda ake kira annobar Amwas, ita ce ta yi ajalinsa. Babu wanda ya ce Umar ya rasa tawakkali, babu wanda ya ce Abu Ubaida ya kashe kansa.

Gaskiyar Baba ne cewa ajali ba ya gaba ba ya baya. Sai dai ba a nuna mana Lauhul Mahfuzi ba, kuma ba za a tambaye mu abin da ke rubuce a ciki ba. Abin da aka sa a hannunmu za a tambaye mu, takardar gwajin nan kuwa tana hannunku. Ba zan ce miki auren haramun ne ba, wannan hukunci ya fi ƙarfin bakina. Amma da 'yata ce ba zan ba da ita ba.

Sai maganar gwaggonki, wadda ta fi ci mini rai. Annabi (SAW) ya binne shida cikin 'ya'yansa bakwai, Nana Faɗima kaɗai ta rayu bayansa. Ranar da ɗansa Ibrahim yake gargara, ya ɗauke shi ya sumbace shi, hawaye na zuba. Abdurrahman ɗan Aufu ya ce, "Har kai ma, ya Manzon Allah?" Ya ce wannan rahama ce. Ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗar komai sai abin da zai yardar da Ubangijinmu. Annabi Yakubu kuwa, wanda ya ce "fa sabrun jamil", shi ne dai wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin Yusuf, duk a sura ɗaya. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da marin fuska. Ki yi kukanki, 'yar'uwa, bashi ne kike bin kanki.

Mai Sikila Tun 1991

Yaya, sannu. Sannu ƙwarai. Sau uku ina fara rubutu ina gogewa.

Ni ce irin ɗan da ake magana a kai. SS ce ni, tela ce, ina da shago da yara huɗu masu koyo. Ƙuguna na hagu ya lalace tun ina da shekara 19, da ɗingishi nake tafiya. Mu uku ne masu shi a ɗakinmu, biyu sun rasu suna ƙanana, har aka fara ce wa mahaifiyata mai wabi. Da aka haife ni kakata ta so a riƙa kirana Ajuji, wai ko mutuwa ta raina ni ta bar ni.

In na ji ana cewa a hana auren don kada a haifi irinmu, wani abu yakan soke ni, ba zan yi ƙarya ba. Ni ba kuskure ba ce. Ɗanki ma ba kuskure ba ne. Yaro ne da ya ƙirga motoci, ya haddace surori, ya samu uwa mai dafa masa ruwan wanka. Don Allah kada ki bari gwajin ƙanwarki ya mayar miki da shi wani abin da bai kamata ya zo ba. Ya zo, kuma naki ne.

Duk da haka, da zan ga ƙanwarki, riƙe ƙafarta zan yi in roƙe ta ta haƙura.

Malam, ka gafarce ni in ƙara wani abu a kan naka. Tun ina ƙarama masu zuwa dubiya suke ce mini, "Ki yi haƙuri, kaffara ce, zunubanki ake kankarewa." Ina da shekara shida na tambayi mahaifiyata wane zunubi na yi. Ta fita tsakar gida ta yi ta kuka. Na san hadisin gaskiya ne, yanzu da na girma ni da kaina nake jingina da shi in ciwo ya tashi. Amma daɗinsa a bakin mai ciwon yake. In lafiyayye ya faɗa maka yana tsaye a kanka da ledar lemo, ji kake kamar ya rufe zancen ne don ya samu ya tafi.

Hadisin da na fi riƙewa shi ne na matar nan mai farfaɗiya da ta zo wurin Annabi (SAW) ta nemi addu'a. Ya ce in kin so ki yi haƙuri, Aljanna taki ce, in kin so in roƙa miki lafiya. Ta zaɓi haƙuri, ta roƙi dai ya yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa. Abin lura, ita aka tambaya, mai ciwon. Ba a tambayi babanta ko mijinta ba. In Baba ya ce a yi auren a dogara ga Allah, ba ƙashinsa za a sara ba, ba na amarya ba, ba na ango ba. Wani jariri ne da ba a yi shawara da shi ba ake ɗaukar wa alkawarin haƙuri.

In ciwon ya kai inda ya kai, ƙarfe ukun dare, allura ta ƙi kamawa, ba na iya doguwar addu'a. Ta Annabi Ayuba kawai nake maimaitawa: "annī massaniyaḍ-ḍurru wa anta arhamur-rāhimīn." Cuta ta shafe ni, Kai ne Mafi jinƙan masu jinƙai. Shi da ake buga misali da haƙurinsa ma ya faɗa wa Allah cewa da zafi.

Nas daga Kafanchan

'Yar'uwata, Allah Ya ta'azantar da ke. Ni Kirista ce, shekara 16 ina aiki a ɗakin yara, na riƙe hannun uwaye irinki na coci da na masallaci, tambayar kuma iri ɗaya ce.

A Littafi Mai Tsarki, Bisharar Yahaya sura 9, almajirai sun ga wani da aka haifa makaho, suka tambayi Yesu wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa. Ya ce ba shi ba ne, ba kuwa iyayensa ba. Wannan ayar nake tunawa duk sa'ad da uwa ta kama rigata tana cewa ita ta jawo. Labarin Ayuba a wurinmu ma akwai abokansa uku da suka zo ta'aziyya. Kwana bakwai suka zauna tare da shi a ƙasa ba wanda ya ce uffan. Da suka buɗe baki suna bayyana masa dalilin wahalarsa, nan suka ɓata, har a ƙarshe Allah Ya tsawata musu.

Bari in sa hular aikina kaɗan, don maganar Baba ta "ga biyu lafiyayyu" ina jin ta kullum. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zama SS. Kowane ciki sabon lissafi ne, bai san abin da na baya ya fito da shi ba. Na ga gidan da suka haifi biyar ba ko ɗaya, na ga gidan da huɗu a jere duka SS. Kuma ba zumunci kaɗai ke kawo shi ba: kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da S ɗin, jarirai wajen 150,000 ake haifa da cutar duk shekara, babu ƙasar da ta kai mu. Shi ya sa a cocinmu ba a sa ranar aure sai an kawo takardar gwaji, kuma na ga hawayen da hakan ke jawowa, ba abu ne mai sauƙi ba.

Shawarata ta aiki: a sake gwajin a wani wuri dabam, babban asibiti, don ana samun kuskure. In ya sake fitowa haka, ki kai ƙanwarki da yaron asibitin masu sikila ranar da ake ganin yara, su zauna a benci awa biyu. Kada ki ce musu komai.

Uwar Uku, Funtuwa

Na gode, na gode, Allah Ya saka wa kowa da alheri, har da Malam Ɗan Kwari, na san don Allah ka faɗa. Kwana tara ban dawo ba, ga abin da ya faru.

Na kai wa kawunmu maganar, wan mahaifiyarmu, shi Baba yake jin nauyi. Na karanta masa abin da Malam ya rubuta daga wayata. Ya ce ya san labarin Umar tun yana gaban malaminsa, bai taɓa kawo shi nan ba. Ranar Juma'a bayan an sauko ya je ya samu Baba a zaure, sun fi awa ɗaya. Baba bai ce an fasa ba. Ya ce dai a sake gwajin kamar yadda Anti Nas ta ce, kuma a dakata da kai lefe. Da na je gaishe shi washegari bai ɗago ya dube ni ba, amma da zan tashi ya ce, "Yaron nan, har yanzu kina mafarkinsa?" Tun rasuwar bai taɓa tayar mini da zancensa ba. Na ce e. Ya ce shi ma.

Ƙanwata ba ta yi mini magana. Na tura mata abin da 'yar'uwa Mai Sikila ta rubuta, na ga alamar ta karanta, ba ta amsa ba. Ban ga laifinta ba, shekara uku suna tare da yaron nan, kuma yaron kirki ne.

Ban ce zuciyata ta daina cewa "da" ba. Jiya ma ta faɗa. Amma shekaranjiya bayan sallar asuba, lokacin da ya cika ke nan, na ɗauko rigar sanyinsa shuɗiya daga ƙasan akwati, na kira sunansa da ƙarfi, sau uku, na yi kukan da gwaggo ta hana ni. Ƙaramar 'yata ta farka ta ce, "Umma, wa kike kira?" Na ce yayanki. Ta ce ashe haka sunansa yake a bakina.

Ranar Litinin za mu shiga Zariya a sake gwajin, ni da ita da yaron da kawu. Anti Nas, da azumi ake zuwa ko za su iya karyawa kafin mu kama hanya?